Mun Tafi Farautar Macizai da Kyamara

Ba sha'awar yawo ce ta tashe mu zuwa wannan tafiya ba. A farkon daminar da ta wuce wani ɗalibinmu na aji biyar ya bi mahaifinsa sharar gona. Ya sa hannu zai kwashe tarin karan dawa, sai wani abu ya sare shi a yatsa. Da yake yaron ya komo gida da ƙafarsa, yana magana garau, aka shafa masa magani aka ce ya kwanta. A rana ta biyu jini ya fara tsattsafowa daga dasashinsa. Sa'an nan ne aka ɗauke shi a babur zuwa asibiti, Allah kuwa ya sa da sauran kwanansa. Sa'ad da ya komo makaranta muka tambayi 'yan ajinsu, "Wa ya san kamannin kububuwa?" Hannuwa suka tashi ko'ina. Amma da muka ce kowa ya faɗi abin da ya sani, sai wannan ya ce baƙa ce, wancan ya ce tsawonta gaba biyu, wani kuma ya dage tana da ƙaho. Mu malamai muka yi dariya. Ba da jimawa ba dariyar ta koma ciki, gama da muka tambayi juna a ofis, mu ma bakinmu bai zo ɗaya ba.

Shi ya sa muka yi shawara mu nemo hotuna mu manna a bangon aji. Muna da hotuna a littattafai, amma yawancinsu na macizan Indiya ne da na Amurka, waɗanda yaranmu ba za su taɓa gamuwa da su a gonar gyaɗa ba. Muna so yaro ya ga kububuwa kwance a kan irin ƙasar da ya sani, kusa da irin karan da ya saba ɗauka. Mu uku muka tashi: malamin kimiyya, wanda yake da kyamara mai jawo nesa kusa, da malamin lissafi, wanda ɗan ƙasar Kaltungo ne, da mai rubuta muku wannan labari, wanda aikinsa riƙon tocila da littafi.

Muka zaɓi ƙarshen watan Afrilu. A Turai masu irin wannan sha'awa sukan jira sanyi ya wuce, ƙanƙara ta narke, gama sanyi ne yake kwantar da macizansu da kwaɗinsu. Namu kuwa ruwa suke jira. Duk rani suna cikin ramuka da suri da tsagar duwatsu, wasunsu ba ci ba sha. Ran da ruwan fari ya sauka, shinge ya tashi, kwaɗi su fito cin shinge, macizai su fito neman kwaɗi da ɓeraye, manomi kuma ya fito da fartanyarsa. Dukansu a mako ɗaya, a fili ɗaya. Wanda ya gane wannan ya gane abin da ya sa saran maciji yake yawaita lokacin shuka, ya kuma sake yawaita lokacin girbi.

Daga Gombe muka kama hanyar Yola, muka wuce Kumo, muka wuce Billiri. Tun kafin a kai Kaltungo ƙasa takan sake kama. Duwatsu suna tasowa ɗaya ɗaya daga fili, wasu masu tsini kamar an kifa mazurari. Masana sun ce ragowar duwatsu masu aman wuta ne na zamanin dā. Zafi kuwa ba a magana. Ciyawa duk ta ƙone, sai ɗorawa da kaɗanya da mangwaro ke da ganye. Muka sauka a wani ƙauye ta wajen hanyar Tula, a gidan mahaifin abokinmu. Mutanen wannan yanki sun iya noman kan dutse. Sukan jera duwatsu su tare ƙasa don kada ruwa ya kwashe ta. Jerin duwatsun nan gata ne ga manomi, gida ne kuma ga duk abin da ke ja da ciki.

Mai masaukinmu tsoho ne mai kusan shekara 70, muna ce masa Baba. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi ta dariya har da hawaye. Ya ce, "Malamai, mutane suna biyan kuɗi a raba su da maciji, ku kun biya kuɗin mota kun zo nemansa!" Sa'an nan ya dubi ƙafafunmu, dariyar ta tsaya. Ya ce ba wanda zai bi shi jeji da silifa. Ya aika aka aro mana dogayen takalman roba masu kai wa gwiwa. Ya kafa mana doka uku: kada hannu ya shiga inda ido bai gani ba, kada a tsallake dutse ko gungume sai an hau an duba bayansa, kada kuma a fita da dare ba fitila, ko da zagayawa ne.

Kashegari da sassafe malamin kimiyya ya ce mu fara koyon aiki a kan abin da ba zai kashe mu ba. Muka zauna a gindin wani fā muna jiran ƙadangaru. Mai karatu zai ce, ƙadangare kuma, wanda ke kan kowace katanga? To, gwada ɗaukar hotonsa ka gani. Hotunanmu goma na fari duk wutsiya ce tana shiga tsagar dutse. A hankali muka gane dabarar. Ƙadangare ba shi da ɗumin jiki na kansa, sai abin da rana ta ba shi. Da sassafe jikinsa a mace yake, yakan shimfiɗa ciki a kan dutse yana shan hantsi, a lokacin ne yake barin mutum ya matso. Ba a tsaya masa a kai, gama abin da ya zo ta sama shaho ne a wurinsa. Sai ka durƙusa, ko ma ka kwanta rubda ciki, idonka daidai da nasa, ka sa kyamara ta kama idon sosai. In ido ya fito, hoto ya yi. Muna kallo launin jan gwada ya riƙa ƙaruwa yayin da rana take ɗagawa. Da fari dishi-dishi yake kamar macen. Kafin ƙarfe 9 kansa ya yi ja wur, jikinsa ya yi baƙi-baƙi mai shuɗi, ya hau kan dutse mafi tsayi yana gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan gargaɗi ne ga sauran maza, wato nan gidansa ne.

Muka samu kulɓa ma, irin ta duwatsu mai zane-zane a baya, ƙanananta da wutsiya shuɗiya kamar an tsoma a baba. Yaran gidan suka gudu, wai tana da dafi. Haka suke faɗa a kan tsaka. Bari mu faɗa a fili: kulɓa da tsaka da hawainiya da ƙadangare, babu mai dafin kisa a cikinsu. Tsakar da ake bi da takalmi, sauro da asu take ci a gindin fitila.

Da la'asar hadari ya haɗu daga gabas. Iska ta taso da ƙura har ba ka ganin dutsen da ke gabanka, sa'an nan ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, wajen sa'a biyu. Da ya ɗauke, ƙanshin ƙasa ya cika gari. Muna cin tuwo sai muka ji an fara daga fadama. Ɗaya ya kira, biyu suka amsa, kafin mu wanke hannu ba ka jin maganar na kusa da kai.

Wannan dare ne ya fi mana daɗi a dukan tafiyar, ko da yake ba shi ya kai mu ba. Kududdufin da muka taka a bushe da safe ya cika. Malamin kimiyya ya koya mana riƙe tocila a gefen kunne, kusa da ido, domin hasken da ya daki idon kwaɗo ya komo mana kai tsaye. Da muka yi haka sai ga idanu bibbiyu ko'ina a bakin ruwa. Maza ne kaɗai suke wannan kuka, suna kumbura fatar maƙogwaro kamar balan-balan, kowane iri kuma da muryarsa, don kada mace ta ɓata hanya. Kwaɗon gida mai ƙuraje yana gurnani kamar ana jan ƙyauren da ya yi tsatsa. Akwai wani kuma wanda kukansa kamar an jefa tsakuwa cikin rijiya mai zurfi. Muka fi rabin sa'a muna nemansa, gama in kana nan sai ka ji shi can. Ashe ɗan ƙarami ne, bai wuce babban yatsa ba, da baƙaƙen zane a bayansa, yana zaune a gindin ciyawa nesa da ruwan. Da muka haska shi bai yi tsalle ba, sai ya tashi yana takawa da sauri kamar mai jin kunya.

Baba ya nuna mana manyan nan da ake kira burduddugi, waɗanda ake kamawa a ƙyafe. A cikin manyan kwaɗin ƙasarmu akwai irin da yakan binne kansa cikin laka tun kaka. Fatarsa takan saɓule sau da yawa ta bushe a jikinsa, ta zama masa kamar jaka mai hana ruwan jiki fita, yana nan har ruwan sama ya jiƙa ƙasa ya tashe shi. Gaggawar da suke yi tana da dalili. Kududdufi ba ya daɗewa. Dole ƙwai ya zama talibambam, talibambam ya yi ƙafafu, kafin ruwan ya ƙafe. Da safe muka ga ƙwan kwaɗon gida, dogayen zarurruka masu yauƙi da baƙaƙen ɗigo a jere kamar tsakiya, an naɗe su a jikin ciyawa.

A kan hoton dare mun yi asara da yawa kafin mu koya. Walƙiyar kyamara takan sa jiƙaƙƙen kwaɗo ya fito fari fat. Abin da ya yi mana amfani shi ne mu rufe bakin tocila da farin hankici, mu haska daga gefe. Wanda kuma ya taɓa kwaɗon gida ya wanke hannu kafin ya taɓa ido, gama kumburin nan biyu na bayan idanunsa suna fid da ruwa mai zafi.

A rana ta biyu muka ga damo a bakin wani tsohon suri. Ya rame, fatarsa ta yi masa yawa, gama duk rani bai ci wani abin kirki ba, kitsen jikinsa ne ya riƙe shi. Yanzu ya fito neman ƙadandoniya da gyare da dodon koɗi. Ba banza ake ce masa sarkin haƙuri ba. Ya bar mu muka ɗauke shi ta kowane gefe, sai da malamin lissafi ya matsa ainun ya kumbura yana huci.

Daga nan muka shiga juya duwatsu. Ana yin wannan da sanda mai ƙugiya, a jawo dutsen ta wajenka, domin ya zama garkuwa tsakaninka da abin da ke ƙarƙashi, in an gama kuma a mayar da shi yadda yake. Kunamu muka yi ta samu. A dutse na wajen talatin sai ga maciji, launin ƙasa, da dabbare-dabbare a baya. Nan da nan ya naɗe kamar gammo, ya fara goga jikinsa da jikinsa, yana fid da wata ƙara kamar an zuba ruwa a kaskon suya mai zafi. Baba ya ce, "Ga ta nan, ku ja da baya!" Muka ja. Malamin kimiyya ya ɗauka daga nesa, hannunsa yana rawa. Muka koma inuwa muna murna mun sami abin da muka zo nema.

Sai da ya buɗa hoton ya ƙara masa girma ya yi shiru. Ya ce wannan ba kububuwa ba ce. Kansa ƙarami ne, kusan ɗaya da wuyansa, jikinsa kuma siriri ne dogo. Macijin nan ne mai haɗiye ƙwan tsuntsaye. Ba shi da dafi, haƙoran kirki ma ba shi da su. Yakan haɗiye ƙwan da ya fi kansa girma, wasu ƙasusuwan bayansa masu tsini su fasa shi a maƙogwaro, ya sha ruwan ya amayo ɓawon. Da yake ba shi da makami, sai ya ari rigar kububuwa, har da ƙararta. Baba bai yarda ba. Ya ce shekara sittin yana noma a nan, wannan ƙanwar kububuwa ce. Ba mu yi masa gardama mai tsawo ba, gama wani tunani ya riga ya dame mu. Mun zo ne da niyyar yin allo mai gida biyu, masu dafi a hagu, marasa dafi a dama. To, idan tsohon manomi da malamai uku sun ruɗe da rana tsaka, yaya yaro ɗan shekara 10 zai yi da magariba?

Da yamma wata 'yar'uwar abokinmu, ma'aikaciyar jinya, ta zo gaishe mu, hira ta koma kan aikinta. A Kaltungo akwai asibiti na musamman domin saran maciji, ana kawo mutane daga Bauchi da Taraba da Adamawa da Borno. Yawancinsu kububuwa ce ta sare su. Dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa mutum yakan ga kamar ya tsira, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya ɓalle ta dasashi, ta fitsari, wani lokaci cikin kai. In ba magani, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 sukan mutu. Gwajin da ake yi mai sauƙi ne: a ɗebi jini kaɗan a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20, a karkata. In bai daskare ba, dafi yana aiki. A Arewacin Nijeriya aka kafa wannan gwaji, cikin binciken da Dokta David Warrell da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1970, yau kuwa ana amfani da shi a ƙasashe da yawa. Daga baya an kama macizai a nan aka kai su Libaful a Ingila aka tatsi dafinsu, aka yi allurar EchiTAb iri biyu, ɗaya da jinin tumaki a Birtaniya, ɗaya da jinin dawaki a Kosta Rika. A Kaltungo aka gwada su a kan mutum 400, aka buga sakamakon a 2010. Ta Kosta Rika an yi ta ne domin macizai uku: kububuwa, da kāsā, da baƙin nan mai fasa kai yana tofi, wanda wasu ke ce masa gamsheƙa wasu kumurci. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. A lissafinta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara.

Ta ce mu faɗa wa iyaye: kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. Baƙin dutsen nan da iyayenmu suka amince da shi ba ya zuƙe dafi, ɓata lokaci kawai yake yi. A cire zobe da warwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti a ranar. In tofi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Kada kuma a tsaya farautar macijin domin a kai wa likita. An sha samun sara na biyu ta haka, kan da aka datse ma yana iya cizo. In akwai waya a hannu, hoto daga nesa ya isa.

Ta gaskiyar mun gamu da ita a daren nan, ba ma nemanta. Muna komowa daga raka baƙuwar, tocila ta faɗa kan wani abu a tsakiyar hanyar rijiya. Abin da ya fara ba mu mamaki ƙanƙantarta ne. Ba ta kai ƙafa 2 ba. Gajeriya, mai ɗan kauri, kanta ya fi wuyanta faɗi, da fararen ɗigo a jere a gefenta kamar idanu. Launinta da na ƙasar ɗaya ne, har da muka kawar da haske muka mayar sai da muka sake nemanta. Ba ta gudu ba. Ta naɗe, ta fara wannan ƙara, irin ta ɗazu sak. Muka tsaya taki huɗu daga gare ta. Mai tocila ya haska daga gefe kamar yadda kwaɗi suka koya mana, mai kyamara ya durƙusa, Baba yana riƙe da wuyan rigarsa ta baya.

Da aka gama Baba ya ce, "Malam, kun ɗauka?" Muka ce mun ɗauka. Ya ɗaga sandarsa ya kashe ta.

Malamin kimiyya ransa ya ɓaci. Ya ce da an ture ta da doguwar sanda cikin bokiti an kai ta bayan dutse, ya ce macizai ne suke rage ɓerayen da ke cinye hatsi a rumbu. Gaskiya ya faɗa. Baba ya ce jikokinsa suna bin hanyar nan da asuba da tulu a ka, ba takalmi, ya kuma tambaya wa zai riƙe bokitin. Mu dai ba mu ga laifin tsohon ba, ko da yake ba mu ji daɗi ba. Abin da muka roƙe shi shi ne na ƙarƙashin dutse, can nesa da gida, a bar shi inda yake. Ya ce zai duba. Ba mu san ko ya bari ba.

Kāsā da mesa da mai tofi ba mu gan su ba, kwana uku ba su isa ba. Muka komo da hotuna sun fi 300, muka wanke 12. Allo mai gida biyu kuwa mun fasa. Kwaɗi da ƙadangaru da damo suna bango ɗaya, da sunayensu da abin da suke ci. Macizan nan biyu muka sa su gefe da gefe a bakin ƙofa, ba mu rubuta suna a ƙarƙashin ko ɗaya ba. Ranar Litinin muka ce duk wanda ya san wace ce kububuwa ya je ya tsaya a gabanta. Ajin ya rabu kusan biyu daidai. Yaron da aka sara ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Malam, ni ban gan ta ba sam, karan kawai na gani." Baba kuma ya aiko a wanke masa hoton damo, babba, zai rataye a zaure.